Agogon da ke cikin ƙarfen da ya faɗo daga sama

Akwai wani curin ƙarfe mai suna Hoba. Yana kwance a wata gona a Namibiya, nauyinsa ya kai wajen tan 60, kuma daga sama ya faɗo. Ɓalli ne daga cibiyar wani astaroyid, wato ƙaton dutsen sararin samaniya, wanda ya narke tun Duniyarmu ba ta gama haɗuwa ba. To yaya aka yi masana suka san lokacin da ya narke?

Sinadarai biyu ne suka tona asirin: hafniyom da tangstan. Akwai wani nau'in hafniyom mai lamba 182 wanda ba ya zama yadda yake. A hankali yake rikiɗewa ya koma tangstan 182, kuma duk bayan shekara miliyan 8.9 rabinsa ya tafi.

Ku lura da kyau a nan. Idan astaroyid ya yi zafi ya narke, ƙarfe yakan nitse tsakiya, dutse ya taso sama, kamar yadda kashin maƙera ke rabuwa da ƙarfe a wuta. Tangstan ƙarfe yake bi. Hafniyom kuwa a dutse yake tsayawa. Da zarar sun rabu, cibiyar ta daina samun sabon tangstan 182, agogonta ya tsaya cak. Saboda haka ƙarfen da ke da ƙarancin tangstan 182 shi ne ya rabu da wuri.

Ana fara ƙirgen ne daga wasu fararen ɗigo-ɗigo masu kalsiyom da alminiyom, irin waɗanda ke cikin dutsen Allende da ya faɗo a Meziko a 1969. Su ne daskararrun abubuwa mafi tsufa da aka sani sun samu a kewayen Ranarmu, shekarunsu miliyan 4,567.

Aikin yana da ƙaya. Wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke ratsa sararin samaniya suna ɓata lissafin tangstan, shi ya sa ake auna wani ƙarfe mai suna filatinom a gefe, wanda shi ma suke taɓawa, don a gyara.

A 2014 wani masani mai suna Thomas Kruijer da abokan aikinsa suka nuna cewa cibiyoyin irin waɗannan astaroyid ɗin sun samu ne tsakanin ƙasa da shekara miliyan 1 zuwa wajen miliyan 3 bayan fararen ɗigon. Abin mamakin shi ne, an daɗe ana ɗauka duwatsun da ba su taɓa narkewa ba su ne 'yan fari. Ashe narkakkun ne suka riga su. Sun haɗu ne lokacin da alminiyom 26 ke da yawa, wani sinadari mai fitar da zafi wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara wajen 700,000. Wanda ya makara bai tarar da wutar da za ta narkar da shi ba.