Sharhi: Kwazazzabon Grand Canyon da Kogin da Aka Datse

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Manomin fadamar Rima ya san yadda gulbi ya sauya hali bayan an gina madatsar Goronyo. To, irin wannan ya faru a jihar Arizona ta Amurka, a kwazazzabon Grand Canyon da gwamnati ta mayar gandun ƙasa tun 1919.

Kogin Colorado ne ya haƙa shi, tsawon kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800. A bakinsa farin dutse ne mai ɗauke da ɓawon halittun teku, dangin wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti. A can ƙasa kuwa baƙin dutse ne da masana suka ƙiyasta ya haura shekara biliyan 1.7.

A da, ruwan jawur yake saboda laka. Da aka datse kogin a Glen Canyon, wani kwazazzabo da ruwan ke ratsawa kafin ya iso Grand Canyon, a 1963, sai lakar ta riƙa kwantawa bayan madatsar, ruwan kuma yana fitowa daga ƙarƙashin tafki, garau, da sanyin kusan digiri 8. Ido ya ga kyau, kogi ya ga ɓarna. Tudun yashin da matuƙa kwalekwale ke kwana a kai ya zaizaye, wani kifi mai doro da ke buƙatar ɗumi kafin ya hayayyafa ya koma reshen Little Colorado. Tun 1996 akan saki ambaliya da gangan don ta mayar da yashi gaɓa. Dabarar ba ta ci sai reshen Paria ya riga ya zubo yashi. In ba haka ba, ɗan abin da ya rage ma ruwa ya kwashe.

Mai niyyar sauka da ƙafa kuma, kada sanyin sama ya ruɗe shi. Da bazara ƙasan yakan wuce digiri 40, zafin da Basakkwace ya sani a watan Afrilu, sai dai can ba a cika samun rumfa ko mai ƙanƙara ba. Hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka, shi ya sa ma'aikatan gandun ke gargaɗin kada a je kogi a dawo rana ɗaya. A samu inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ruwa zalla ma yana kayar da mutum: gumi ya fitar da gishirin jiki, sai jiri da amai. A haɗa da abin ci mai gishiri, ko da gyaɗa ce.