Idan fatar ido ta saki: wace tiyata ce ta dace?

Jama'a masu kallo, barkanku da wannan lokaci.

Duk jikin ɗan Adam babu fatar da ta kai ta murfin ido laushi da rashin kauri, ko milimita 1 ba ta cika ba. Shi ya sa tsufa ke fara bayyana a nan. Mutum lafiyarsa ƙalau, amma kullum ana tambayarsa ko bai samu barci ba. Wani ma fatar kan sauko har ta tare masa gani daga sama da gefe, ya wuni yana ɗaga gira, yamma ta yi goshi na ciwo.

Sai dai ba kowane ido mai nauyi ba ne ciwonsa ɗaya. Ku tsaya gaban madubi, ku sa yatsa ku ɗaga gira kaɗan. In ido ya washe, akwai hannun girar da ta sauko, kuma aikinta daban ne: ɗaga gira ake yi. In kuwa bakin murfin na nan yana rufe baƙin ido, to tsokar da ke ɗaga shi ce ta saki. Wannan ko an yanke fata ba zai gyaru ba, sai likita ya shiga ya ɗaure tsokar. Mutane da yawa ba su san wannan bambancin ba, ga shi kuwa a kansa sakamakon aikin ya rataya.

In fata ce kawai ta yi yawa, tiyatar da aka fi yi ita ce bilefarofilasti. Likita zai zana layi kana zaune, ido a buɗe, ya yi allurar kashe zafi a wurin, ya yanka daidai cikin ninkin murfin domin tabo ya ɓuya. Ya cire rarar fata, wani lokaci da ɗan kitse, ya ɗinke. Aikin bai cika wuce awa 1 ba, ranar ake komawa gida. Zare ana cire shi cikin mako guda, kumburi da taruwar jini kuma su ɗauki kamar mako 2.

Ƙwararre yana taka-tsantsan wurin awo. Fatar da aka bari ana iya rage ta gobe, amma in aka zarce, ido ba zai rufu sosai ba lokacin barci, sai bushewa da raɗaɗi.

Buhun ƙasan ido kuwa kitse ne ya turo gaba. Ana iya isa gare shi ta cikin murfin, babu tabo a waje, kuma likitoci da dama yanzu sun fi son shimfiɗa kitsen cikin ramin da ke ƙarƙashinsa maimakon kwashe shi duka, don kada ido ya faɗa.

Wanda ba ya son wuƙa fa? Allurar Botox, mai sassauta tsokar da ke jan gira ƙasa, na ɗan ɗaga gira, ta yi wata 3 zuwa 4 ta sake. Akwai maganin ɗigawa, Upneeq, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020. Yana ɗan ɗaga murfin na wasu awanni. Babu ɗayansu da ke cire rarar fata. Masu duhun fata kuma su yi hattara da leza, wato na'urar gyaran fata da haske mai ƙarfi, tana iya barin baƙin tabo.

Kafin aiki, ku faɗa wa likita komai: hawan jini, ciwon suga, bushewar ido, shan taba, da magungunan da ke tsinka jini irin su asfirin. Zubar jini a bayan ido ba ya yawan faruwa, amma yana iya makantarwa, don haka ciwo mai tsanani ko dushewar gani bayan tiyata, a koma asibiti nan take.

Murfin da ya faɗi dare ɗaya, musamman tare da ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, wannan ba tsufa ba ne. A garzaya asibiti a ranar.