RAV4 ko CR-V? Ku duba nan kafin ku biya kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Minnesota, ƙasar Amurka. Ku yi haƙuri da hular sanyin nan, garin ne ba wasa. Ga motoci biyu a bayana, Toyota RAV4 da Honda CR-V, duka na hannu, ƙirar 2019 zuwa 2022. Su ne 'yan uwa suka fi tambaya a kai, masu son hawa a nan da masu son turawa gida.

Mu buɗe bonet. Ita RAV4 injinta lita 2.5 ne, babu turbo, ƙarfin doki 203, da giya otomatik mai hawa takwas. CR-V kuwa galibi injinta ƙarami ne, lita 1.5, amma an ɗora masa turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, yana ba da doki 190, giyarta kuma CVT ce, wadda ke aiki da bel na ƙarfe tsakanin fulai biyu maimakon haƙora. A kan titi Honda ta fi laushi da shiru. Toyota idan ka taka ta sosai sai ta yi ta gurnani, kuma a go-sulo giyarta takan ɗan yi jinkiri kafin ta kama, musamman ta 2019.

To ga inda nake so ku natsu. Injin Honda ɗin nan yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Idan gari ya yi sanyi, kuma tafiyarka gajeriya ce, daga gida zuwa shago ka dawo, injin ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata. Sai fetur ɗin da bai ƙone ba ya silale ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Abin ya fi tsanani a ƙirar 2017 da 2018, har Honda ta sabunta manhajar kwamfutar injin a jihohi masu sanyi, amma ko 'yan baya ma a duba. Dubawar ba wuya: a ajiye motar a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira minti biyar, a zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya haura alamar sama, ko ka shinshina ka ji warin fetur, ka san akwai magana. Lita uku da rabi kacal injin yake ɗauka na baƙin mai samfurin 0W-20, saboda haka ɗan fetur kaɗan ma yana ɓata shi. Ni shawarata, a juye mai duk mil 5,000, kada a jira sai mota ta nuna.

Injin Toyota yana da hanyar fesa mai biyu, ta cikin silinda da ta bayan bawul, wannan ya sa baƙin toka ba ya taruwa a bawul ɗin sosai. Nasa man 0W-16 ne, lita huɗu da rabi.

Amma kada masoya Toyota su yi dariya tukuna. Ku ɗaga kai ku dubi silin ɗin RAV4 ta 2019 zuwa 2021. Wuraren da aka ɗaure sandunan kaya na saman rufi sukan yi yoyo, ruwan sama ya bi ginshiƙi ya sauka ƙarƙashin kafet. Tabon ruwa a sili ko warin danshi, alama ce. Sannan idan mai haɗin fetur da lantarki ce, wato hybrid, sai an shiga ƙarƙashinta. Akwai wata babbar waya mai ruwan lemo da ke kai wuta injin lantarki na tayoyin baya. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana taruwa a mahaɗarta ya cinye ta, kuma gyaran yana da tsada. Toyota ta ƙara wa'adin garanti a kan wannan, amma garantin Amurka ba zai bi ka Kano ba. Hybrid ta 2019 da 2020 kuma wasu tankinsu, mai cin galan 14.5, ba ya cika, famfo na yankewa da sauran wuri.

Mu leƙa ciki. Nan kam Honda ta yi gaba. Wurin miƙe ƙafa a kujerar baya ya fi na Toyota da kusan inci biyu da rabi, ƙofar bayan tana buɗewa wangale, mai saka kujerar jariri zai ji daɗi. But ɗinta ma ya ɗan fi faɗi. Toyota ta fi tsayi daga ƙasa, inci 8.4, ita kuwa CR-V mai jan gaba kaɗai 7.8. Mai bin hanyar ƙauye da damina ya san amfanin rabin incin nan.

Idan Najeriya ko Nijar za ka tura, ni RAV4 mai fetur zalla zan nuna maka. Dalilina giya ne. CVT ta Honda manta na musamman ne, HCF-2, kuma idan bakanike ya zuba mata man giya na gama-gari, bel ya fara zamewa, sai dai a nemi wata giyar sukutum. Turbo ma ba ya yafe wa jabun baƙin mai. Kayan Toyota kuma ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka, da wuya ka fito hannu rabbana. Amma mai zama a nan, mai iyali, da ke doguwar tafiya a babban titi kullum, CR-V za ta yi masa daidai, sau da yawa ma ta fi sauƙin kuɗi a kasuwar na hannu.

Kowacce ka zaɓa, ka kwafi lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka saka a shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗurra a kan titi. Duka kamfanonin biyu sun taɓa kiran motoci a canza musu famfon fetur, a nan za ka ga ko an yi wa taka. Bari in ɗauko fitila mu shiga ƙarƙashin wata RAV4 hybrid ku ga wayar da idonku.