Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Shiga Ofishin Lauya a Saudiyya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako daga 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Saudiyya suka fito, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: an danne mini haƙƙi, ina son lauya, ta ina zan fara? Masu tambayar sun nemi a sakaya sunayensu, mun kuma sakaya.

Wasiƙar farko daga Jidda take, unguwar Karantina. Mai ita ya ce: "Shekarata 7 ina aikin wayar wuta a wani kamfanin gine-gine, albashina riyal 2,000. Wata 5 ke nan ba a biya ni ba, yanzu kuma sun ce aiki ya ƙare, in zo in sa hannu a takarda su ba ni abin da ya samu. Abokai sun ce in nemi lauya. Yaya ake gane lauya na gaske, kuma me zan tafi masa da shi?"

To Malam, Allah ya kawo mafita. Kafin mu je ga lauya, ga abin da ya fi gaggawa: takardar nan kada ka sa mata hannu, kada ka dangwala mata yatsa. Galibi mukalasa ce, wato shaidar cewa ka karɓi duk haƙƙinka, ba ka bin kamfani ko riyal ɗaya. Da Larabci za a rubuta ta, a miƙo maka biro a ce "sa hannu kawai, ƙa'ida ce". Ka ce a ba ka kwafi ka je ka duba, in an hana ka ɗauki hotonta da waya. Duk ƙwarewar lauya, sai ya sha wahala kafin ya warware abin da mutum ya amince da shi da hannunsa.

Sai lokaci. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ce kotu ba ta karɓar ƙarar ma'aikaci bayan wata 12 da rabuwarsa da aikin, sai in yana da uzurin da kotu ta gamsu da shi, ko maigidan ya amsa da kansa cewa ana bin sa. Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma abin yana ci mini rai. Maigida ya ce wata mai zuwa, dattawan unguwa su ce a yi haƙuri, a jira bayan Hajji, a jira bayan azumi, kafin a farga shekara ta cika. Haƙuri hali ne mai kyau, Malam, amma ka yi shi bayan ka shigar da ƙorafinka.

Gane lauya na gaske ba shi da wuya. Ma'aikatar Shari'a ce ke ba da lasisin aikin lauya, bisa dokar da aka kafa a 2001, kuma a dandalinta na intanet mai suna Najiz akwai jerin lauyoyi masu lasisi. Ka rubuta sunan wanda aka nuna maka, in babu shi a ciki, ka yi gaba. In yana ciki, aiki bai ƙare ba, domin lauyan da ya goge a rabon gado ko rikicin filaye ba lallai ya san kan shari'ar ma'aikata ba. Ka tambaye shi kai tsaye: ka taɓa riƙe irin tawa? Kai za ka tsaya mini, ko ɗaya daga cikin yaran ofis? Nawa ne kuɗin zaman farko, nawa ne na shari'ar gaba ɗaya, dunƙule ake biya ko kaso ne daga abin da aka karɓo? Duk abin da kuka yi ittifaƙi a kai, a rubuta, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda kuwa ya buga ƙirji ya ce lallai za ka ci nasara tun bai buɗe takarda ko ɗaya ba, ni dai ba zan ba shi amanata ba.

Yanzu shirin zaman farko, wanda a nan nake so ka fi kasa kunne. Daren da za ka je, ka sami takarda fallen ɗaya ka jera labarinka da kwanan wata: ranar da ka fara aiki, albashin da aka yi da kai, watan ƙarshe da kuɗi ya shigo, ranar da aka ce aiki ya ƙare, wa ya faɗa maka, a gaban wa. Mu Hausawa in za mu ba da labari sai mu faro tun daga ranar da muka sauka filin jirgi, lauya kuwa lokacinsa ƙidayayye ne, kwanan wata yake nema. Ka haɗa da kwafin iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, da kwantiraginka, wanda in an yi masa rajista za ka same shi a Qiwa, dandalin intanet na Ma'aikatar Ƙwadago. Ka je bankinka ka ciro takardar shige da ficen kuɗi, ita za ta nuna inda albashi ya tsaya ba tare da ka ce uffan ba. Saƙonnin WhatsApp tsakaninka da manaja, musamman inda yake cewa "ka ƙara haƙuri, za mu biya", kada ka goge ko ɗaya, kada ka sayar da wayar. Dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta amince da irin waɗannan saƙonni a matsayin hujja. Ka kuma rubuta sunayen abokan aiki biyu da suka san abin da ya faru. Kwafi za ka bar wa lauya, na asali su koma gida tare da kai.

Ka yi lissafinka tun a gida. Bashin wata 5 riyal 10,000 ke nan. Ga kuɗin sallama na ƙarshen aiki: doka ta ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. A shekara 7 naka ya kama riyal 9,000, tunda su suka sallame ka. Da kai ne ka ajiye aikin da kanka, kashi biyu cikin uku za ka samu, wato 6,000, shi ya sa wasu iyayen gida ke lallaɓa ma'aikaci ya rubuta cewa shi ya yi murabus. Ka lura da wannan sosai. In akwai kwanakin hutun da ba ka ci ba, su ma kuɗi ne, ka ambata su.

Sannan ka faɗa wa lauya gaskiya dukkanta, har wadda ba ta yi maka daɗi. In ka taɓa karɓar rance a kamfani, ko ka yi fashin aiki, ko ka yi wa wani aiki a gefe, gara ya ji daga bakinka a ofis da ya ji daga bakin lauyan kamfani a gaban alƙali. Doka ta hana lauya tona sirrin wanda yake wakilta. In Larabcinka na kasuwa ne, ka tafi da tafinta wanda ka yarda da shi, ba yaron kafil ɗinka ba, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar.

Hanyar da ƙarar ke bi gajeriya ce a faɗe. Ana fara shigar da ita a Ma'aikatar Ƙwadago don neman sulhu, ana ba da kwanakin aiki 21. In ba a daidaita ba sai a wuce kotun ma'aikata, irin waɗanda suka fara aiki a 2018. Ma'aikaci mai neman haƙƙin aikinsa ba ya biyan kuɗin kotu, kuma doka ba ta tilasta masa ɗaukar lauya ba. Ko shawara kawai ka biya aka ba ka, ka shiga sulhun da kanka, ka rage asara.

Wasiƙa ta biyu daga Riyad, wata 'yar'uwa mai aikatau. Ta ce uwar ɗakinta ta riƙe mata fasfo, ana biyan ta rabin abin da aka yi alkawari, ba ta da kuɗin lauya, kuma tana jin nauyin zama gaban namiji ta faɗi wasu abubuwan da ake yi mata a gidan.

'Yar'uwa, Allah ya tsare ki, ya isar miki. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a ƙasar, ko da an ce adana miki ake yi. Masu aikin gida tsarinsu daban ne da na ma'aikatan kamfani, sauye-sauyen da aka yi wa tsarin kafil a Maris 2021 ma ba su haɗa da su ba, amma akwai ƙofar da za ki ƙwanƙwasa ba tare da ko sisi ba. Ki kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911 ki shigar da ƙorafi, ki rubuta lambar da za a ba ki. In ta Musaned aka ɗauko ki, wato dandalin gwamnati na ɗaukar masu aikin gida, kwantiraginki yana can. Ki sanar da ofishin jakadancin ƙasarki a Riyad, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta gwamnati, wadda aka kafa a 2005, tana karɓar koke. Ki yi ƙoƙari ƙorafinki ya riga fitarki daga gidan, domin in masu gidan suka riga ki suka sa miki hurub, wato suka kai rahoton kin gudu, maganar ta ƙara tsawo. Amma in duka ne ko ana neman keta mutuncinki, kada ki jira komai, ki nemi 'yan sanda nan take. Lauyoyi mata kuma akwai su, tun 2013 aka fara ba su lasisi, kina da damar ki ce mace kike so.

Ta ƙarshe daga Makka, wajen Shara Mansur. Wani dattijo ya ce wani mu'akkib ya yi masa tayin karɓo masa kuɗin da yake bin maigidansa a kan ya ba shi kashi ɗaya cikin uku, in dai zai yi masa wakala, wato takardar ba shi ikon wakiltarsa. Ɗansa kuma yana son ya saka bidiyon maigidan a TikTok don ya ji kunya.

Baba, mu'akkib aikinsa bin takardu a ofisoshin gwamnati, ba lauya ba ne. Wakala kuwa, ko lauya mai lasisi za ka yi wa, ka sa a karanta maka ita layi-layi. Ka ba da ikon shigar da ƙara da tsayawa gaban alƙali, amma ikon yin sulhu, da yafe haƙƙi, da karɓar kuɗi a madadinka, waɗannan ukun ka riƙe su a hannunka. Ta Najiz ake yin wakalar, ta nan kuma ake soke ta. Yaron nan kuma ka dakatar da shi yau ɗin nan. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, a kan ɓata sunan mutum ta waya ko intanet. Bidiyon ya zauna a wayar, a nuna wa lauya shi a zaman farko, shi zai faɗa muku ko zai yi amfani a kotu.

Lokaci ya cimma mana. Sauran wasiƙun da suka zo daga Madina sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.