Pokémon Brilliant Diamond: kada sauƙin farko ya ruɗe ka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Nan ƙasar da nake sanyi ya hana kowa leƙa waje, don haka yau na'urar wasa ta Nintendo Switch na kunna. Gem ɗin da kuke gani shi ne Pokémon Brilliant Diamond, wanda ya fito a watan Nuwamban 2021. Tsohon Diamond ne na Nintendo DS, na 2006, kamfanin ILCA ya sake masa gini. Yankin Sinnoh na nan yadda aka san shi, amma dokokin wasan sun canza, kuma nan ne mutane ke shan ƙasa.

Mu fara da zaɓin farko: Turtwig na ciyawa, Piplup na ruwa, Chimchar na wuta. Ni dai Chimchar nake ba da shawara. Dalili kuwa, a saman ƙasa kafin ka gama labarin, ban da zuriyarsa, Ponyta da Rapidash ne kaɗai na wuta. Kada Roark, shugaban Gym (gidan gwajin faɗa) na farko mai Pokémon na dutse, ya ba ka tsoro a garin Oreburgh. Kai Chimchar lebul 14, ya rikiɗe ya zama Monferno, ya koyi Mach Punch, shi ke nan Cranidos ɗin Roark ya zama nama.

To ga tarkon. A wannan sabon, duk wanda ke cikin tawagarka ta shida yana samun makin gogewa ko bai shiga faɗa ba, kuma babu maɓallin kashe wannan tsari. Sai ka ga kana ta wuce shugabannin Gym kamar wasan yara. Na ƙarshensu, Volkner, Luxray ɗinsa lebul 49 ne. Amma Garchomp na Cynthia, zakaran gasar, lebul 66 ne. Kafin ka isa gare ta sai ka bi ta kan Aaron, Bertha, Flint da Lucian a jere, ba komawa asibitin Pokémon a tsakani. Ka cika jaka da magungunan Full Restore da Revive tun daga ƙofa.

Bari in daɗe a kan Garchomp ɗin nan, don shi ne mai sa mutane jefar da na'ura. Kowa ya san harin ƙanƙara na yi masa illa ninki huɗu, sai a zo da Ice Beam ana murmushi. Ashe yana riƙe da Yache Berry, wadda ke rage rabin illar bugun ƙanƙara na farko. Ya tsira, ya yi Swords Dance, ƙarfin harinsa ya ninka, daga nan Earthquake ya share maka tawaga ɗaya bayan ɗaya. In ka kawo nau'in Fairy, yana da Poison Jab yana jiran ka. Abin da ke aiki shi ne a fara rage masa jini da wani hari, ko a tanadi bugun ƙanƙara biyu, sannan a ajiye mai tashi sama kamar Staraptor, tunda Earthquake ba ya taɓa shi, kuma shigowarsa kawai na rage wa abokin gaba ƙarfi. Spiritomb ɗin Cynthia kuwa, wanda a 2006 ba shi da lago, yanzu Fairy na kayar da shi.

Yanzu ku dubi allo, na sauka Grand Underground, wato hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Sinnoh. A garin Eterna wani dattijo ke ba da kayan shiga. Akwai ɗakuna a ciki da Pokémon ke yawo a fili, har Houndoom na wuta ana samu da wuri, ga wanda ya ɗauki Piplup ko Turtwig. Wajen haƙar bango, guduma na buɗe wuri mai faɗi amma tana saurin tsattsaga bangon, diga kuma a hankali take ci. Ka yi bugu biyu ko uku da guduma ka gano inda kayan suke, sauran ka ƙarasa da diga. In bangon ya rufta, abin da ba ka gama tonowa ba ya tafi.

Wani abin lura: TM, wato abin koya wa Pokémon sabon hari, a nan sau ɗaya ake amfani da shi ya ƙare, kada ka ɓata mai kyau a kan wanda za ka ajiye gobe. Su Surf da Fly kuma, dabarun ƙetare ruwa da tashi zuwa wani gari, sun koma cikin agogon Pokétch, ba sai ka ɗauki wani Pokémon ɗan dako kamar Bidoof don irin waɗannan dabaru ba.

Ga ni a Spear Pillar, Dialga, babban Pokémon ɗin wannan gem, na gabana, lebul 47. Na kashe sebin na atomatik, na yi sebin da hannuna. Ƙwallon kamu na Quick Ball zan fara jefawa a zagayen farko, lokacin ne take da ƙarfi. In ta ƙi, sai in sa shi barci, in rage masa jini da False Swipe, wanda ba ya kashewa, sannan Ultra Ball. To, bismillah, mu jefa.