Tsohon oben faɗin santimita 60 ne, sabon ma 60, to me ya hana shi shiga?

[Hoto: sabon oben a kan kwalinsa a tsakiyar kicin, gurbinsa a kabad wayam]

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Jidda da Makka da Madina da Riyad, barkanmu da warhaka.

Tun da aka yi rangwamen ƙarshen Nuwamba, irin wannan hoton ne ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na iyayenmu mata da yayyenmu. An saya, an biya, an sha wahala an hau da shi hawa na uku, ga shi nan zaune a ƙasa, ya ƙi shiga. Wata Hajiyar nata ya shiga, amma ya turo baki waje da faɗin yatsa biyu. Wata kuma nata ya shige, sai ga kafa a samansa har hannu na wucewa. Kuma kowa da tambaya ɗaya: "Tsohon na 60 ne, sabon ma na 60 na ɗauko, mai shago ya ce duk girmansu ɗaya. To ina matsalar take?"

Matsalar tana wajen awo, kuma a nan za mu daɗe yau. Sauran aikin za mu bi ta kansa da gudu.

[Hoto: tef ɗin awo a kan ƙofar oben]

Ku duba yadda yawanci ake yi. An ɗauko tef, an ɗora a kan gilashin ƙofa, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ba da 59 da rabi, an ce 60 ne, an rubuta a waya, an nufi kasuwa. To abin da aka auna fuska ce kawai. Fuskar oben ba ta shiga kabad, a waje take tsayawa ta rufe bakin gurbin. Kamar mutum ne ya auna murfin tukunya ya ce ya san faɗin cikinta.

Bari mu jawo shi waje ku gani da idonku.

[Hoto: an zaro oben rabi, ana nuna shi ta gefe]

Kun ga jikin? Wannan akwatin ƙarfen da ke bayan fuska, shi ne mai shiga. Ya fi fuskar ƙanƙanta, kusan santimita 55 ne faɗinsa. Shi kuma kabad ɗin, 60 ɗin da ake faɗa daga waje ne. Idan katakon kowane gefe kaurinsa milimita 18 ne, ku cire na dama ku cire na hagu, abin da ya rage a ciki 56.4 ne. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke neman gurbi mai faɗin 56. Tsakanin jikin oben da bangon kabad ɗan abin da ke akwai bai taka kara ya karya ba, santimita ɗaya ya ɓace, magana ta ƙare.

Kuma a nan Saudiyya yana ɓacewa sosai. Da yawa daga cikin kicin ɗinmu na alminiyam ne, ba daga masana'anta suka zo a yanke ba. Mai shagon alminiyam ne ya zo ya auna bango, ya auna oben ɗin da ke gidan a wancan lokaci, ya ƙera gurbin daidai jikinsa. Ko kuma kicin ɗin an kwance shi ne daga tsohon gida aka sake ɗaura shi a wannan, aka rage nan aka ƙara can don ya zauna. Irin wannan gurbin bai san wani girma na kowa da kowa ba, oben ɗaya ya sani, wanda aka yi shi dominsa.

Saboda haka, kafin ku je ko'ina, tsohon zai fito. Na san abin da wasu za su ce: "Ai sai sabon ya zo a cire tsohon." A'a Hajiya, a'a Alhaji. A cire shi yau, a auna, a mayar da shi in ana so a ci gaba da girki. Aikin minti goma sha biyar ne.

A fara kashe makunninsa a akwatin wutar gidan. In na gas ne a rufe silinda. A buɗe ƙofar oben, a nan jikin bakin za ku ga sukuru, wani biyu ne wani huɗu, su kaɗai ke riƙe da shi. A kwance. Mutum biyu za su jawo, domin yana kai kilo 30 zuwa 40, a tanadi ɗan benci ko kwali mai kauri a gaba. Kuma don Allah kada a ɗaga shi ta mariƙin ƙofa, ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba. A jawo a hankali, akwai waya a baya, wataƙila da tiyon gas.

[Hoto: cikin gurbin, da fitilar waya]

To ga gurbin. Wanda ya ga ɓawon albasa da cokalin da ya ɓata tun Sallar bara, ya share abinsa shiru, babu wanda zai ji.

Faɗi tukuna. Ba sau ɗaya ake aunawa ba. A auna a baki, a auna a tsakiya, a auna can ƙurya. Ku kalli tef ɗin nan: a baki 56.3, a ƙurya 55.6. Kabad ɗin ya ɗan tsuke ta baya, ko danshi ya kumbura katako, ko akwai wani ƙarfen kusurwa da aka ɗaure. Ƙaramin shi ne awonku. Babban ku manta da shi, oben ba zai tsaya a baki ba.

Sai tsayi, daga katakon da zai zauna a kai zuwa abin da ke samansa. In a dogon kabad yake, daidai ido, yawanci 59 ake nema. In a ƙarƙashin marmara yake, kusan 60. Amma ku leƙa sama. Kun ga wannan cikin ƙarfen da ya sauko? Ƙasan murhun sama ne, wanda ake ɗora tukunya a kai, ga kuma gwiwar bututun gas ɗinsa a gefe. Daga nan za ku auna, ba daga marmara ba. Wani sabon oben ɗin bayansa a gangare yake don ya kauce wa wannan, wani kuwa a miƙe yake, zai je ya daki bututun.

Masu na 90, ku saurara da kyau, domin na san gidajenmu da yawa shi ake so saboda babban faranti da cinyar rago ranar Layya. Na 90 kala biyu ne a kasuwa. Akwai mai tsayin kusan 48, akwai mai tsayin 60, dukansu kuma 90 ne a bakin mai shago. Wanda ya cire mai 60 ya kawo mai 48, shi ne mai kafar nan ta santimita 12 a sama. Wannan da sauƙi, ana iya ɗaga mazauninsa a sa durowa ko marufi a ƙasa. Wanda ya yi akasin haka kuwa, sai dai a fasa kabad ko a mayar da kaya.

Yanzu zurfi, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, domin ido ba ya ganinsa daga waje. Yawanci ana neman 55 zuwa sama, daga bakin kabad zuwa baya. Sai mutum ya sa tef har bango, ya ga 58, ya ce ai har da rara. Ku haska can. Ga soket a bango, filoginsa ya turo. Ga bututun gas ya ratsa. Ga kuma wani bututun ruwa da ke tafiya wajen wanke-wanke. Zurfinku yana ƙarewa ne a abu na farko da tef ya taɓa. Tsohon oben ɗin wataƙila gajere ne, ko bayansa na da lungu daidai wurin soket ɗin, shi ya sa ya zauna lafiya shekara da shekaru. Sabon kuwa, musamman masu fanka a baya da babban ciki, zai daki filogi ya tsaya. Wannan shi ne turowar yatsa biyun nan. Kuma kada a tura shi da ƙarfi ko a ɗaure sukuru a matse shi, domin abin da ake matsewa waya ce ko tiyo, a jikin ƙarfe mai zafi. Gyaransa a mayar da soket ɗin cikin kabad na gefe, inda hannu ma zai iya kaiwa.

Lamba uku ke nan a hannunku. Ku ɗauki hoton gurbin, ku ɗauki hoton ƴar takardar da ke manne a bakin tsohon oben mai lambarsa da ƙarfin wutarsa. A shago, ko eXtra ne ko IKEA ko wani ƙaramin shago a unguwa, kada ku tsaya a kan girman da aka rubuta a katin farashi, galibi na fuska ne. Ku ce a nuna muku zanen girkawa. Yana cikin littafin oben ɗin, yana kuma intanet in kun rubuta lambar samfurin. Zane ne na kabad da kibiyoyi, shi ke faɗin mafi ƙarancin gurbin da yake bukata, da kafar iska da za a bari a baya. Wannan kafar ba ado ba ce, ta nan zafi ke fita, in aka toshe ta kabad ne zai sha.

Ra'ayina a nan, kuma ina faɗa da gaske: a sayi oben saboda gurbi, kada a sassaƙe kicin saboda oben. Balle in gidan haya ne kuma kicin ɗin na mai gida ne. Rangwamen riyal ɗari biyu ko uku ba zai biya mai alminiyam da mai marmara ba, ga ɓacin rai ranar tashi.

[Hoto: an ɗaga murhun sama, ana ganin ramin marmara]

Murhun sama ma labarin ɗaya ne, sai dai ya fi rashin yafiya, tunda dutse aka yanka. Na 60 raminsa yawanci 56 da 49 ne, wasu 48. Na 90 kuwa kowane kamfani da nasa, wani 85, wani har 88. In ramin ya yi kaɗan, mai marmara zai iya ƙarawa, da ƙura mai yawa. In ya yi yawa, dutse ba ya komawa, kuma leɓen murhun da ke hawa kan marmara siriri ne. A ɗaga, a auna ramin. Injin wanke kwanuka kuma tsayi za a duba, daga tayil zuwa ƙasan marmara, musamman in an yi sabon tayil a kan tsoho bayan an sa shi.

Sauran da sauri.

Wuta. A 2010 ne gwamnati ta yanke shawarar mayar da wutar gidaje volt 230, amma tsofaffin gine-gine har yanzu akwai masu soket na 127 kusa da na 220. Oben na 230 a kan 127 ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kaza za ta wuni ba ta yi ja ba. Mai gyaran wuta ya gwada da mita. Filogi mai ƙafa uku amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3000. Oben da ya haura haka layinsa daban yake so daga akwatin wuta, da wayar ƙasa. In kuna barin gas zuwa murhun lantarki mai ido huɗu, yana iya haura wat 7000, tsohuwar wayar ba za ta ɗauka ba. Kuma wutar nan 60Hz ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan da Turai 50 ce, sai a duba takardar ta ce 60 ko 50/60, musamman kayan hannu da ake tsinta a kasuwar Haraj.

Gas. Na silinda muke amfani da shi, kuma ƙananan bakunan da gas ke fitowa ta cikinsu na silinda daban, na gas ɗin bututu irin na Turai daban. Wuta shuɗiya ake so. In ta yi tsawo, ta yi rawaya, tana baƙanta gindin tukunya, a kashe a kira mai gyara ya canza bakunan. Tiyo sabo, kada ya taɓa jikin oben. A gwada mahaɗa da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, ƙasan kabad yake taruwa. In wari ya cika gida, a rufe silinda, a buɗe taga, kada a taɓa makunnin fitila, a fita a kira ƴan kwana-kwana a 998.

[Hoto: mutum biyu suna tura sabon oben cikin gurbi]

Kun ga yadda ya tafi sumul, fuska ta kwanta a jikin kabad ta ko'ina. A tabbata waya ba ta naɗe a ƙarƙashinsa ba, a mayar da sukuru ba tare da an matse har katako ya tsage ba. A ciro leda da kwali da duk abin da ke ciki, a kunna shi babu komai a zafi mai yawa kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, taga a buɗe, warin sabunta ya fita kafin abinci ya shiga. Rasit kuma a ɗauki hotonsa a waya, domin garantin kayan lantarki a nan shekara biyu ne, kuma rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi tun kafin lokacin ya cika.