Likitocin "Wajen Zurfi": yadda likitocin unguwannin talakawa a Sikotland suka haɗa kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Gilasgo zamu leƙa, birnin da yafi kowanne girma a Sikotland can arewacin Birtaniya, kuma da lambobi biyu zan fara, 54 da 82.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto da Farfesa Michael Marmot ya jagoranta, a ciki aka kawo misalin unguwar Calton dake cikin Gilasgo, akace yaro namiji da aka haifa a nan in aka bi lissafi shekara 54 ake sa ran zai yi a duniya, wanda aka haifa a Lenzie kuwa, wani ɗan gari da tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba, shekara 82. Rai dai a hannun Allah yake ba wanda yake musun wannan, amma tazarar shekara 28 tsakanin maƙwabta ai abin a tsaya a duba ne. Kuma fa ƙasar da tun 1948 da aka kafa hukumar lafiyarsu ta NHS ganin likita kyauta ne, ba kuɗin kati, ba wanda zai ce maka je ka biya ka kawo rasit.

Toh bari in ɗan yi bayanin yadda tsarinsu yake don a gane sauran labarin. A Birtaniya ba haka kawai zaka tashi ka nufi babban asibiti wajen ƙwararre ba, sai dai in abin na gaggawa ne. Kowa yana da rajista a wani ƙaramin asibitin unguwa, wajen likitan iyali wanda suke kira GP, kusan irin likitan da yake fara ganinka a GOPD a manyan asibitocinmu, bambancin shi wannan a unguwarku yake kuma zai iya shekara ashirin yana ganinka, ya san mahaifiyarka ya san 'ya'yanka, fayil ɗinku duk yana kwamfutarsa. Shi zai dubaka, in abin yafi ƙarfinsa ya rubuta maka takarda zuwa gaba. Su waɗannan likitoci akasarinsu ba ma'aikatan gwamnati bane kai tsaye, kwangila suke da NHS, kowane asibiti cin gashin kansa yake, shi yasa zaka ga likitoci biyu suna aiki titi ɗaya ya raba su amma basu taɓa zama sun tattauna matsalarsu ba. Lokacin da aka saba ba kowane mara lafiya kuwa wajen minti 10 ne. Ku riƙe minti goman nan, zamu dawo kansa.

Kafin mu zo kan haɗin kan, akwai wani dattijo da dole a ambata, Julian Tudor Hart. Haifaffen Landan ne a 1927, iyayensa duka biyu likitoci, da ya so da yayi zamansa a birni, amma a 1961 ya tattara ya koma wani ƙauyen masu haƙar kwal a kudancin Wels mai suna Glyncorrwg, kar ku tambayeni yadda ake faɗarsa daidai don harshena ya gaza. Mutanen ƙauyen basu wuce 2,000 ba. Shi da matarsa Mary suka ƙudiri wani abu da ba a saba ba a lokacin, maimakon su jira sai ciwo ya kayar da mutum an kawo shi, suka ce sai sun auna hawan jinin kusan kowane baligi a ƙauyen, mai ciwo da mai jin garau. Wanda baya zuwa asibiti a aika masa, in yaƙi a bishi gida. Kuma wai mutumin ƙarshe da ya yarda aka auna shi bayan an sha fama, shine jininsa yafi na kowa hawa a duk ƙauyen. Bayan shekara 25 ana wannan bibiya, da aka kwatanta da ƙauyen dake kusa dasu mai irin talaucinsu, sai aka ga mutuwar wuri tayi ƙasa da kusan kashi 28 cikin ɗari a nasa ƙauyen. Ba wata na'ura ta musamman, abin awon jini ne da littafin rajista da naci.

A 1971 ya rubuta wata maƙala a mujallar likitoci ta Lancet wadda har gobe ana kafa hujja da ita. Abinda ya faɗa a taƙaice shine, kulawar lafiya mai kyau a juye take tafiya, inda aka fi buƙatarta nan tafi ƙaranci, kuma abin yafi muni a duk inda aka bar kasuwa tana juya harkar lafiya. Shine kuma mai misalin wurin iyo, suwimin ful irin na otal ɗin nan da gefe ɗaya ruwan iya gwiwa ɗaya gefen kuma ya shanye mutum. In ka tsaya daga waje duk kawuna zaka gani a saman ruwa, kamar kowa lafiya lau, alhali wani a tsaye yake ƙafarsa a ƙasa, wani kuwa ƙafa kawai yake bugawa don kar ya nutse.

Daga wannan misalin sunan ya fito. Wani likita da yayi aiki a ƙarƙashin Tudor Hart a ƙauyen nan, Graham Watt, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Gilasgo, shi da wasu abokan aikinsa da reshen Sikotland na ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya suka yi wani lissafi mai sauƙi. Sikotland tana da ma'aunin talauci da ake jera unguwanni dashi, ana duba kuɗin shiga da aikin yi da ilimi da gidaje da sauransu. Sai suka ɗauki ƙananan asibitocin ƙasar, wajen 1,000 a lokacin, suka duba kowanne kashi nawa na mutanensa ne ke zaune a unguwannin da suka fi talauci, suka ware 100 na sama. Mafi yawansu a Gilasgo da kewaye suka faɗo. A watan Satumban 2009 aka gayyace su taro, suka kira kansu GPs at the Deep End, wato likitocin wajen zurfi.

Akwai wata 'yar dabara a nan da ni a ganina itace ta sa abin ya yiwu. Likitan da layi yake jiransa tun safe ba zai rufe ƙofa ya tafi taro ba komai daɗin takardar gayyata, don haka aka nemo kuɗi aka biya likitocin riƙon ƙwarya su zauna musu a asibiti ranar. Kusan kashi biyu bisa uku na asibitocin suka turo wakili. Abin mamaki, shekara 61 da kafa NHS amma wannan ne karon farko da aka tara waɗannan likitocin a ɗaki ɗaya aka ce toh ku faɗa mana abinda kuke gani. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, amma duk tsawon shekarun nan masana daga ofis ne ke rubuta rahoto kan talauci da lafiya.

Kuma da suka buɗe baki ba sabon gini suka roƙa ba, ba ƙarin albashi ba. Lokaci suka ce basu dashi.

Ku kwatanta da kanku. Mata ce 'yar shekara 52 ta shigo, tana da ciwon suga, ga hawan jini, ga ciwon huhu saboda shekarun da ta sha tana shan taba, gwiwa na ciwo, bacci ya ƙaurace mata, a jakarta akwai leda cike da kwalayen magani kala takwas da wasiƙar mai gida yana barazanar tashinta, ɗanta kuma ya faɗa shaye-shaye. Tace likita kaina ke ciwo. Minti 10. Wanne zaka fara taɓawa? Kafin ka gama duba magungunan ma lokaci ya tafi, na bayanta yana ta duba agogo, haka zaka rubuta mata wani maganin ka sallameta kai ka sani ita ma ta sani ba a taɓo asalin abin ba, bayan sati uku sai kaji an kwasheta zuwa sashen gaggawa.

Wannan ba ƙorafin baki kawai bane, bincike ya mara musu baya. A 2012 Lancet ta buga wani nazari kan mutum miliyan 1.75 daga asibitoci 314 a Sikotland, aka gano cewa tarin cututtuka a jikin mutum ɗaya yana farawa shekara 10 zuwa 15 da wuri a unguwannin talakawa in aka kwatanta da na masu hali, kuma an fi samun ciwon jiki haɗe da ciwon damuwa. Tun 2007 ma wani likita mai bincike, Stewart Mercer, da Graham Watt sun nuna cewa a irin waɗannan unguwanni mara lafiya yana zuwa da matsaloli da yawa amma zamansa gaban likita yafi gajarta, likitan kuma yafi gajiya. Kuɗin da ake rabawa asibitocin kuwa kusan kai ɗaya ne, ba wani bambancin kirki. Yanzu ku ji inda gizo ke saƙar. Tsarin rabon yana ba tsufa nauyi sosai, asibitin dake da 'yan shekara 80 da yawa yafi samu, toh unguwar da mutanenta da dama basa kaiwa 80 ɗin fa? Sannan ana auna nauyin aiki da abinda likita ya samu yayi, wanda bai samu lokacin yi ba babu inda yake fitowa a lissafi. Kaga mai nutsewa a takarda lafiyarsa ƙalau.

Abinda suka yi da wannan haɗuwa shine suka riƙa zama rukuni-rukuni kan maudu'i ɗaya, yau shaye-shaye, gobe yara masu rauni, jibi tsofaffi ko masu neman mafaka, kowane zama a fitar da gajeren rahoto da ɗan majalisa zai iya karantawa kafin shayinsa ya huce. Rahotannin sun haura 30. A 2012 har sun tattara abinda suke gani da idonsu na yadda tsuke bakin aljihun gwamnati da yanke tallafi ke jefa marasa lafiyarsu cikin wani hali.

Sai kuma gwaje-gwaje. A 2014 aka fara saka wasu ma'aikata a asibitoci 7 a Gilasgo, ni dai 'yan rakiya zan kira su, ba likitoci bane ba nas ba, aikinsu su zauna da mutum awa guda in ta kama, su ji damuwarsa, su san wace ƙungiya a unguwa ke taimakon masu bashi, ina ake raba abinci, ina masu jimamin rashi ke haɗuwa, in mutum yana jin nauyi su taka masa har ƙofar wajen. A unguwar Govan ta Gilasgo daga 2015 asibitoci 4 suka samu ƙarin likitoci don manyan su samu sararin dogon zama da masu rikitaccen ciwo, kuma duk wata a zauna teburi ɗaya da nas-nas da jami'an jin daɗin jama'a a bi sunayen iyalan da ake tsoron zasu faɗi. Wanda yafi burgeni shine na Parkhead, itama unguwa ce a Gilasgo, inda aka kawo mai ba da shawara kan kuɗi da tallafin gwamnati aka bashi ɗaki a cikin asibitin, kuma da izinin mara lafiya yana iya duba fayil ɗinsa ya cike masa fom da hujjar likita. Mutumin da kunya zata hana shi shiga ofishin neman tallafi ai ba wanda zai zarge shi don an ganshi a asibiti. A asibitoci 2 kacal, abinda aka karɓo wa mutane na haƙƙinsu ya kusa fam dubu 850, kusan fam 25 kan kowane fam ɗaya da aka kashe.

Amma kar in zuzuta abin fiye da kima. Da aka auna aikin 'yan rakiyan nan a 2019, in aka haɗa kowa da kowa ba a ga wani canji a ingancin rayuwa ba, sai a wajen waɗanda suka gana dasu sau uku ko fiye. Wato ko nan ma maganar lokaci ce ta dawo. Sannan yawancin ayyukan nan na gwaji ne, kuɗin shekara biyu ko uku, ana fara ganin amfani kuɗi ya ƙare. Babbar buƙatar kuma, a sake tsarin rabon kuɗi da likitoci ya bi nauyin ciwo, har sabuwar kwangilar likitocin iyali ta 2018 ta zo ta wuce likitocin wajen zurfi suna cewa tsugune bata ƙare ba.

Duk da haka sunan ya yi tafiya. Likitoci a Ayalan sun kafa tasu ƙungiyar, haka a Yorkshire da Manchesta a Ingila, da Kanbera a Ostireliya, da Denmak, har Wels ɗin da Tudor Hart yayi aikinsa ta kafa tata a 2022, shekara huɗu bayan rasuwarsa. A Sikotland kuma gwamnati ta ɗauki tsarin 'yan rakiya ta yi alkawarin 250 a faɗin ƙasar.

A 2023 sai ga labari wai za a rage kusan kashi ɗaya bisa uku na 'yan rakiyan Gilasgo, garin da aka faro abin, saboda gibin kasafi. Wannan karon likitocin ba a warwatse suke ba kamar kafin 2009, suna da suna, suna da rahotanni a hannu, 'yan jarida sun san lambar wayarsu. Su da ƙungiyar ƙwadago da marasa lafiyan kansu suka yi ta matsa lamba har gwamnati ta sakko ta ƙara kuɗi aka bar ma'aikatan a bakin aikinsu. Kuɗin na shekara 3 ne.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.